Dakon akwatuna a bakin Danube, da jakar Goggo

Aikin farko da na samu a Jamus dako ne, ni dai ba na ɓoyewa duk da mutanen gida sun fi so a ce yana karatu a Turai a yi shiru. Karatun ma ana yi, a jami'ar Passau, wani ƙaramin gari a jihar Bavaria daf da bodar Ostiriya, amma kuɗin da ake sa ɗalibi ya kulle a banki kafin a ba shi biza, wanda a 2024 aka kai shi yuro 11,904 na shekara, kaɗan kaɗan suke sakar maka duk wata, kafin ka biya haya da inshorar lafiya an ci fiye da rabi, toh dole ka nemi abun yi. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki kwana 140 cikakku a shekara ko rabin yini 280. Wasu gidan abinci suke zuwa, wasu sito, ni bakin ruwa Allah ya kai ni.

Passau koguna uku ne suka haɗu a cikinta, Danube da Inn da Ilz, kowanne da kalar ruwansa, in ka tsaya a ƙarshen tsohon gari zaka ga kore da ruwan ƙasa da baƙi suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraye. Mu da muka tashi a Jos muna ce wa Dilimi kogi sai dai mu yi shiru. Daga nan yawancin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suke tashi su gangara Viyana, Bratislava, Budapest, mako guda su dawo ko su sauke mutane can. Aikinmu shine bas ta zo daga filin jirgin Munich ko daga tashar jirgin ƙasa, mu sauke akwatuna, mu duba lambar ɗaki a jikin kowanne, mu gangara da su kan wani siririn tsani har ƙofar ɗakin mai shi. Wani lokacin jirage biyu ko uku ne suke ɗaure jere da juna saboda wajen tsayawa ya yi kaɗan, sai ka ratsa ta cikin na farko da na biyu da akwati a hannu kafin ka kai naka, kana ta ba mutane haƙuri da Jamusancin da bai gama nuna ba.

A nan na fara sanin mutum ta akwatinsa tun kafin in ga fuskarsa. Tsofaffin Jamusawa mata da miji zaka gansu kowa da ɗan akwati ɗaya, ba su ma cika son ka karɓa ba. Masu zuwa daga Amurka kuwa, ba duka ba amma da yawa, manya biyu biyu ga ta hannu ga ta rataye, wlh akwai akwatin da in ka ɗaga sai ka ji a ƙugunka har dare, kuma mako ɗaya fa zasu yi.

Abun da basu sani ba, jirgin kogi ba irin manyan nan na teku bane da ake gani a bidiyo masu bene goma sha. Yawanci tsawonsa baya wuce mita 135, faɗinsa mita 11 da ɗan ɗoriya, kuma ba rowa ce ta sa ba. A hanya akwai wuraren da ake shigar da jirgi tsakanin ƙofofin ƙarfe biyu a rufe, a cika ruwa ko a rage har ya yi daidai da na gaba sannan a buɗe masa, to a mashigin da ya haɗa kogin Main da Danube, wanda aka buɗe a 1992 mai tsawon kilomita 171, irin waɗannan guda 16 ne kuma faɗin kowanne mita 12 ne cif. In kana saman jirgi lokacin shiga zaka iya miƙa hannu ka taɓa bango. Sama ma ba dama saboda gadoji, akwai gadar da sai an kwantar da kujeru da rumfa, ɗakin matuƙi ma ya nutse ƙasa kafin a wuce. Shi yasa ɗakunan kwana suke ƙanana, gado, ƙaramar wadrob, banɗaki, shikenan. Akwati ƙarƙashin gado ake tura shi, in ya cika kauri ya ƙi shiga to haka zaku kwana da shi a tsakiyar ɗaki kuna tsallakawa har a gama tafiya. Kuma babu wani daren da ake cewa sai an yi shigar alfarma, da safe a fita yawo a ƙafa kan duwatsun nan da suka shimfiɗa a tsofaffin titunansu masu cin tayar akwati, da yamma a dawo a ci abinci, in kayanka sun yi datti akwai wanki a jirgin ka biya.

Inda abun ke tashi da gaske shine in ruwa ya ja. A 2018 da 2022 an yi fari sosai a Turai, kuma tsakanin Straubing da Vilshofen, sama da Passau kaɗan, akwai wajen kilomita 70 da ba a datse kogin ba, shi ke fara yin ƙasa. Jirgi baya wucewa, sai a ce kowa ya haɗa kayansa kaf ya ajiye a ƙofa da asuba, a kwashe ku a bas a kai ku wani jirgin da ke jira a ɗaya ɓangaren. In ruwa ya yi yawa ma haka, jirgi baya shiga ƙarƙashin gada, Passau ai ta san wannan, a 2013 ruwa ya kai mita 12.89 alamar tana nan a bangon ofishin magajin gari. Ranar canjin jirgi mai ƙaramar jaka yana shan kofi yana kallon ruwa, mai akwati uku yana zaune kan akwati yana faɗa da zif, mu kuma bayanmu ke biya.

Ni kaina da na zo ai da nawa lodin na zo, akwati biyu kilo 23 kowanne, Umma da Yaya Babba suka cika su da jaket da suwaita na gwanjon Katako, bargo, garin kunu, yaji, har da ƙaramar tukunya. Ba laifinsu bane, duk wanda zai tura ɗansa inda bai san kowa ba so yake ya haɗa masa gida gaba ɗaya a jaka. Kuma mu 'yan Jos muna da wannan taƙamar wai mun san sanyi, to mun sani, amma sanyin Disamba na Jos da rana ta fito ya saki, na can sai ka yi sati baka ga rana ba, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. Daga Frankfurt zuwa Passau wajen awa huɗu ne a jirgin ƙasa, babu yaro mai baro, babu kwandasta da zai ce kawo in ɗora maka, jirgi minti biyu yake tsayawa ya rufe ƙofa, ɗakin da na samu kuma hawa na uku ba lifta. A hankali sai ka gane shagon Turkawa yana da naman halal da shinkafa da attaruhu, shagon 'yan Afirka a Munich yana da manja da kuɓewa, jaket mai kyau kana samu a kasuwar kayan hannu ran Asabar da kuɗi kaɗan. Ka yi rajistar adireshinka cikin sati biyu kaman yadda doka ta ce, ka saba da cewa ran Lahadi shaguna a rufe suke, ka saba maida robar ruwa a baka santi 25. Ranar da na fara zuwa Viyana da 'yar jakar goyo kawai, ba tare da ina lissafin in kaza ya ƙare ya zan yi ba, ranar na ji na fara zama ɗan gari.

Duk wannan surutun Goggo ce ta jawo shi. Na zo hutu Jos sai na tarar 'yarta da ke aikin nas a Viyana ta nema mata biza, ta kuma biya musu tafiyar jirgin ruwa daga Passau zuwa Budapest ita da mijinta da Goggo, aka ce tunda ga ɗan dako ya zo shi zai haɗa kaya. Na shiga ɗaki na tarar da gana-mas-go biyu a cike ga akwati ga kwali ɗaure da igiya.

Na ce Goggo wannan duk na mene ne, ta ce na jikokina ne da na mutane. Na ce kilishin nan fa ba zai shiga ba. Ta ce kai ɗan nan wa zai buɗe jakar tsohuwa. Na ce Goggo karnuka suke sawa, kare bai san tsohuwa ba.

Dokar Tarayyar Turai a kan wannan ba wasa, nama da madara da duk abun da aka yi da su daga ƙasashenmu ba a shiga da su a kayan fasinja, kilishi, dambun nama, man shanu, duk ciki, in an kama a ƙwace wani lokacin har da tara. Dankalin turawa da ta sa aka siyo mata a Farin Gada, wai na Jos ya fi nasu daɗi kuma ban musa ba, shi ma haramun ne. Ɗanyun kayan itace da ganye sai da takardar lafiyar tsirrai, banda 'yan kaɗan da aka ware irin su dabino, ayaba, abarba da kwakwa. Busasshen kifi kuwa an yarda har kilo 20, zuma har kilo 2, nan fuskarta ta ɗan saki. Sai kwalin, ashe saƙon maƙota ne, kowa ya ji ana tafiya ya kawo nasa a naɗe da salatif wai a kai wa ɗansa a wani gari da ko kusa da Viyana bai yi ba. Na ce duk abun da ba a buɗe a gabanmu ba baya tafiya, a filin jirgin Abuja in NDLEA suka zazzage jaka sunan da ke kan tikiti suke tambaya. Wasu sun ji haushi, su ji.

Jakar hannu ce bata bamu wahala ba don Goggo ta yi aikin hajji, ta san kilo 8. Lufthansa da ke tashi daga Abuja zuwa Frankfurt ma kilo 8 ne, girman jaka santimita 55 da 40 da 23. Jirgin ruwa shi baya cika auna maka kaya, jirgin sama ne mai sikeli, kuma in ka shiga ƙananan jirage masu araha na cikin Turai irin su Ryanair da Wizz Air abun da ke kyauta 'yar jakar da zata shiga ƙarƙashin kujera ce kawai, sauran duk kuɗi, a bakin ƙofar shiga kuma kuɗin ya fi zafi. Abun da nake gaya wa kowa, ka ɗauka babban akwatinka zai makara, don yana faruwa, kuma jirgin ruwa baya jiran akwati, yau yana Passau gobe yana Melk jibi Viyana, akwatin sai ya yi ta binku gari gari. Dan haka fasfo, maganin hawan jininta a cikin kwalinsa da takardar likita, tabarau, kaya kala biyu, hijabi, siririyar sallaya, caja da adafta mai baki biyu zagaye tunda namu mai baki uku baya shiga soket ɗinsu, duk a hannu. Pawa bank dole a hannu, ba a yarda da shi cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi ba. Turare da mai kuma kar kwalba ta wuce mililita 100, duka su shiga leda ɗaya mai nuna ciki ta lita ɗaya, wasu filayen jirgin sun sa sabbin na'urori sun sassauta amma kar ka dogara da wannan. Humra da man kaɗe babban akwati suka koma. Buta ma ta so ɗauka, na ce Goggo robar ruwa ƙarama tana yi, mu haka muke yi, ta kalle ni kaman na yi ridda.

Rigimar gaske a kan atamfa aka yi. Ta ware kala tara da leshi biyu, wai ba za ta je gidan suruki Turawa su ga tana maimaita kaya ba. Na ce Goggo wlh waɗannan mutanen wando ɗaya suke sawa kwana uku ba wanda ya kalli wani, kuma saman jirgi iska ce ko a watan Yuli, da safe sai kin nemi suwaita. Leshi nauyi, baya bushewa, baya naɗuwa. Abaya biyu marasa nauyi, atamfa uku, suwaita ɗaya, 'yar rigar ruwa, kambas mai laushi da ta riga ta saba da ƙafarta saboda duwatsun nan, silifas na ɗaki. Kuɗi ma na ce yuro ya isa Jamus da Ostiriya da Slovakia, Hangari ce ke da nata forint, kati ko canji kaɗan ya wadatar. Na kuma gaya mata lokacin zafi magariba tana kaiwa ƙarfe tara na dare, kuma a Viyana akwai babban masallaci a gefen Danube tun 1979, in jirgi ya tsaya ran Juma'a su je.

Mun sasanta a atamfa huɗu da leshi ɗaya, leshin wai na ranar hoto ne a Budapest. Muka aro sikelin mai sayar da kaji na bakin layi aka rataya akwati, kilo 19, ta ce to saura huɗu kenan, ta aika a siyo dabino da busasshen kifi ta cike. Kilishin kuwa yaran gida suka taru a kansa bayan isha'i, tana daga ɗaki tana ta mita wai dubu nawa ta kashe.