TARIHIN RAYUWATA, kashi na 9: ranar da aka dauke kuran, wato wutar lantarki

Assalamu alaikum yan uwa, ku yi hakuri na makara, wayata ce ta hwadi cikin ruwa.

Satin da ya wuce mun tsaya inda nike koyarwa a wata lakwal ta kudi nan Maradi, albashina jika 45 (sefa dubu 45) a wata, shi ma sai wata ya kusa raba biyu kake ganinshi. Da dare kuma ina zaune da tsohon kwalin nan nawa na wayoyi da rediyoyi da suka mutu, wanda Baba ya sha zane ni a kai tun ina CM2, ajin karshe na piramare, wai zan kona mishi gida. Allah ya jikanshi, sau daya kam na kusa.

To a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke muna wuta, kuma kun san layinmu daga Katsina yake zuwa. Gari ya yi duhu, masu firigo kankara ta narke, masu cajin waya suna kuka, kowa ya ruga sayen panno, wato hwarantin sola mai daukar wuta daga rana, da batir amma mai hadawa babu. Wani makwabcinmu a Ali Dan Sofo ya jona batir da panno kai tsaye ba regilater, na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, sati biyu batirin ya kumbura. Ni na gyara mishi hadin don nishadi kawai, ban ma yi zancen kudi ba, sai ga shi ya miko mani jika 10. Awa biyu hwa! Na koma gida ina lissahi, kusan kwana bakwai kenan ina cin alli a aji.

Washegari na je wajen kawu Elhaji na ba shi labari, na ce abin ya daure mani kai. Ya nuna mani dan ga-ruwan da ke tura kura a kohwar gida ya ce, kai dana, wa ya hi wancan zuhwa a unguwar nan? Na ce babu. Ya ce to in ya kwanta ciwo gobe mutum goma za su dauki kurar, kai kuwa in ka ki zuwa sai a nemo wani daga Kano, kuma in ka yi kuskure kayan jika dari biyar ne za su kone. Abin da ake biya kenan. Ni dai har yau ina ganin ba a kyauta ma mushe, wato malamin lakwal, ba, don likitan ma mu muka koya mishi ABC, amma kasuwa ba ta jin wannan.

Na ranci jika 30 wajen Inna daga kudin akuyarta, na sayi tasta, na'urar gwada wuta, da kayan aiki a babbar kasuwa. Aikin hwarko da na karba kuwa na wani Alhaji ne a unguwar Zariya, panno takwas, kuma na juya waya, ja inda baki yake. Abin da ya biyo baya sai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu.