Abin da na koya a sashen tiyata kafin in bar aiki a Katsina

Wannan watan na ajiye aiki, amma abu ɗaya har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wani dattijo aka kawo mana daga wajen Daura, idanunsa sun yi ɗorawa, ya rame, ciwon baya ya hana shi kwanciya sai dai ya zauna ya duƙa yana rungume da matashi. A gida an ɗauka shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Hoto ya nuna ciwon daji ne a fankiriyas, wannan tsokar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, kuma ya riga ya kama hanta.

Shugaban sashenmu ya tara 'ya'yan dattijon ya ce ana yin gashi, wato ƙona ƙwayoyin daji da hasken na'ura, a tsakiyar tiyata a ƙasar waje, su nemo kuɗi. Aikin akwai shi, a Japan aka bunƙasa shi tun shekarun 1960. Ana buɗe cikin, a kawar da hanji da tumbi gefe, a saita na'ura kai tsaye kan ƙarin ko gurbin da aka cire shi, a ba da gashi mai ƙarfi sau ɗaya. Sai dai amfaninsa ga ƙarin da ke zaune wuri guda ne, irin wanda ya naɗe manyan jijiyoyin jini: yakan rage zafi, ya rage saurin dawowarsa a nan. Abin da ya bazu zuwa hanta kuwa, gashin ba ya kai masa.

Babban ɗan ya tsare ni a baranda. "Sista, don Allah ki gaya mini gaskiya, mu sayar da gonar?" Na ce ya koma ya tambayi likita ko gashin zai taɓa abin da ke hanta. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Washegari, a gaban majinyata da ɗalibai, Yallabai ya ce yaushe nas ta zama likitan daji, ya mayar da ni aikin dare. Ban ba da haƙuri ba. Gonar dai ba a sayar ba, aka sa dattijon kan maganin zafi mai ƙarfi, ya koma cikin jikokinsa.

Sauran darussan gajeru ne. Duk umarnin baki a rubuta shi a fayil, da lokaci da suna. Shawara a jikin babba, in ta zo da ramewa, a yi hoto da wuri. Ƙannena sababbin shiga, in babba ya ci mutuncinku a bainar jama'a, kada ku zauna jiran ya sauko. Nawa har na kwashe kayana bai amsa gaisuwata ba.