Azahar ɗin ranar layya

10 ga Zulhajji, da dare, cikin Birnin Zariya

Sai yanzu gidan ya yi tsit. Sha ɗaya ta gota, yara sun yi barci, hannuna har yanzu ƙarnin kitse yake yi duk da na cuɗa shi da toka da sabulu. Ragon yana rataye a rumfa, an lulluɓe shi da tsohon zani saboda ƙuda, sai gobe a yayyanka a hau suya. Bayana kamar zai ɓalle, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru da azahar, kada hidimar gobe ta goge min shi.

Rigima tun jiya ta fara. Tela ya karɓi atamfar 'yar farina tun kafin wata ya kama, ya yi ta gobe-jibi. Bayan isha'i na aiki Abba, sai ga shi da riga babu hannu ɗaya, zanin ko kalmasa ba a yi masa ba. Da asuba na tarar da idanunta sun kumbura. Na ce ta tashi ta yi wanka, ta ce, "Umma, to me zan je yi a idi ba sabon kaya?"

Telan ya ɓata min rai, amma maganarta ta fi sosa min zuciya, kuma ban ga laifinta sosai ba. Shekarunta 15. Sati biyu ana shirin salla a gidan nan, na zauna na tuna abin da take ji daga bakina: kuɗin rago, kuɗin ɗinki, layin kitso, mai lalle, man gyaɗa, gawayi. Ko azumin Arfa da muka yi jiya, cewa kawai na yi a tashi sahur, ban zaunar da su na gaya musu falalarsa ba. Abin da yaro ya ji ana nanatawa a gida, shi yake ɗauka da girma.

Inna ce ta raba gardamar. Daga ɗakinta ta ɗaga murya, "Ke kishiya, zo nan." Ta buɗe adakarta ta ciro wani mayafi da ta daɗe tana ɓoyo, mai ƙamshin turaren wuta, ta yafa mata a kan kayan ƙaramar salla. Ta ce, "Cewa aka yi a sa mafi kyawun abin da ake da shi, ba a ce sai tela ya yarda ba." Yarinya ta yi murmushi ba ta shirya ba, muka fita.

Bana ni ma na je idi, na bar ƙanwata a kan tandar waina. Ba wanda ya karya sai Auta da aka ba koko, tunda a babbar salla an fi so a jira a buɗe baki da naman layya. Hanyar Ƙofar Doka ta cika maƙil, hadari ya ɗan taso ya rufe rana, iska mai sanyi tana kaɗa manyan riguna. Auta ya riƙe min gefen hijabi yana tambaya me ya sa ba a kira salla ba. Na raɗa masa cewa idi ba ta da kiran salla, ba ta da iƙama, raka'a biyu ce, ya dai kasa kunne ya ƙirga kabbarori: bakwai a ta farko, shida a ta biyu. Na ga yana lanƙwasa yatsu. Da aka idar muka sake hanya wajen komawa, ana jin kakaki da tambari da ƙarar bindigogi daga can inda ayarin sarki ya nufi fada. Abba jikinsa na nan, hankalinsa na wajen dawakai.

Maigida bai taɓa wuƙa ba sai da ya tabbata liman ya yanka nasa. Da hannunsa ya yanka, ya sa Abba ya riƙe ƙafafu. Ragonmu na bana matsakaici ne, abin da aljihu ya iya ɗauka ke nan, maƙwabtanmu kuwa sa suka kayar. Ina ji Abba yana cewa ƙasa-ƙasa wai namu ko rabin nasu bai kai ba. Babansu bai yi faɗa ba. Yana goge wuƙa ya karanta masa ayar nan ta cikin Suratul Hajji, wadda Allah Yake cewa naman ba ya isa gare Shi, jinin ma ba ya isa, taƙawar da ke cikinku ita ce take isa gare Shi. Da mahauci ya gama fiɗa ya nemi a bar masa fata a rage masa lada, maigida ya ce a'a, ba a biyan aiki da wani abu daga jikin layya. Ya ƙirga masa kuɗinsa cif, fatar kuma aka ajiye ta don sadaka.

Daga nan na shiga madafi, kuma duk macen da ta san ranar layya ta san abin da nake nufi. Aka fara gasa hanta aka rarraba, kowa ya sa a baki. Sai wankin hanji da tumbi, ruwa bokiti bayan bokiti. Ga babbakar kai da ƙafafu, hayaƙi yana shiga ido. Ga kwanukan waina da miyar taushe suna fita maƙwabta, wasu suna shigowa da funkaso da tuwon shinkafa. Yaran unguwa suna sallama garke-garke, a gaishe su, a ba su goron salla. Ƙanen maigida ya iso daga Kaduna da iyalinsa, matar kawu ta zo daga Samaru. Ina ji aka kira azahar a masallacin unguwa, sarai na ji. Na ce a raina bari in ƙarasa wannan hanjin, hannuna ba tsarki. Da na ƙarasa, mai ya yi zafi, na ce bari in zuba kashin farko. Da na zuba, na ce ai ba a barin kayan ciki a wuta a tafi.

Ban san lokaci ya ja haka ba sai da inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida. Inna ta fito tana dogara sandarta, carbi a hannu, ta zauna a kan kujerar tsuguno kusa da murhu. Ta ɗan jima tana kallonmu, mu biyar, kowa da abin da ta duƙufa a kai. Sannan ta ce, "Uwar gida, kun yi azahar?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Yanzu za mu yi, Inna."

Ta ce, "Da safe na ga kuna rububi kada idi ta wuce ku. Idi sunna ce. Wannan da kuka jingine ita ce farilla. Wanda ya ce a yanka ragon, Shi ne ya yi kiran nan da kuka ji."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙara da cewa mu tuna mutanen babban masallacin ƙofar fada. Duk mun san abin da take nufi. Masallacin nan na ginin ƙasa da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda wani sashensa ya rufta ranar wata Juma'a a watan Agustan 2023, mutane suna tsakiyar sallar la'asar. Ba wanda ke Zariya a lokacin da zai manta yammacin nan. Inna ta ce ita kullum in ta tuna su, abin da ke tsaya mata a rai shi ne a kan salla aka same su, kuma ba ta san a kan me za a same ta ba.

Na sauke kaskon daga wuta da naman a ciki, rabi ya soyu rabi bai soyu ba. Muka wanke hannu da ruwan ɗumi, muka yi alwala, aka shimfiɗa tabarmi a inda babu jini. Ina sujada ina jin ƙamshin hayaƙi a hijabina, hawaye suka zo min, don na san da baƙuwa ce ta yi sallama da tuni na ajiye ludayi na tare ta. Da muka sallame ina shirin miƙewa, Inna ta ɗaga hannu, ta fara kabbara da tsohuwar muryarta: Allahu Akbar, Allahu Akbar, Allahu Akbar. Muka amsa. Ta juya ga yara ta ce daga azahar ɗin yau ake farawa, bayan kowace farilla, har asubahin rana ta huɗu, salla 15 ke nan. Na san wannan tun ina islamiyya. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tara 'ya'yana mu yi tare a tsakar gida.

Kayan cikin da na mayar kan wuta sun ɗan yi tauri. An cinye su tas.

Abba bai shigo ba sai dab da la'asar, ƙafafunsa buɗu-buɗu, bakinsa cike da labarin dawakai da lifidi da dogarai. Babansa ya tambaye shi inda ya yi azahar, ya sunkuyar da kai. Inna ta ce a bar mata mijinta. Ta ce masa ta ga hawan Sarki Aminu tana amarya, ta ga na Sarki Shehu Idris tun daga 1975 har Allah Ya karɓi abinsa a 2020, ga na yanzu tana jin labari, kuma a duk cikinsu ba wanda bai fara da sauka daga doki ya sa goshi a ƙasa a filin idi ba. Ta ce gobe da jibi ma akwai hawa, ya je ya more kallo, amma da sharaɗin duk inda kira ya same shi ya nemi masallaci. Ya ɗauki buta ba musu.

Bayan magariba aka ɗauke wuta, wayoyin da aka wuni ana ɗaukar hoto da su duk sun mutu, sai kowa ya dawo tabarma. Auta ya tambayi dalilin da ya sa ake yanka rago ba kaza ba. Inna ta ba su labarin Annabi Ibrahimu da ɗansa Isma'ilu, amincin Allah ya tabbata a gare su. Na sha jin labarin nan, amma yau inda ta tsaya ne ya kama ni. Ta ce uban bai ja yaron a ɓoye ba, zaunar da shi ya yi ya gaya masa mafarkin, ya ce duba ka ga me ka gani. Yaron kuma ya ce, ya babana, aikata abin da aka umarce ka, in sha Allahu za ka same ni cikin masu haƙuri. Ta ce amsa irin wannan ba a ranar ake koyonta ba, yaro ne da ya tashi yana ganin yadda ubansa yake da Ubangijinsa. Maigida ya yi shiru, ni ma haka. 'Yar farina tana jingine da kafaɗar Inna, har lokacin mayafin yana jikinta.

Kafin su kwanta mun tsara rabon gobe, kuma na sa su suka faɗi sunayen da bakinsu. Cinya guda ta gidan marayun nan na bayan layinmu. Kason almajiran da ke kwana a zauren maƙwabta daban. Sai na abokiyar aikina ta Wusasa, wadda duk Kirsimeti sai ta aiko mana da shinkafa, Abba zai kai mata da hantsi. Na ce musu na sadaka za a fara cirewa kafin kowa ya ɗanɗana suya.

Ɗazu na shiga madafi in rufe garwashi, na haska fitila sai na ga zane a bango. Auta ne ya ja layi 15 da gawayi, ya soke huɗu. Ya bar min saƙo wajen yayarsa, wai don Allah in tashe shi da asuba, shi zai fara kabbarar.