Tambarin 'yar jaridar unguwarmu

Kwamitin unguwarmu a cikin birnin Kano ya yanke shawarar fitar da takardar labarai duk wata, shafi huɗu: sanarwar aure da suna da rasuwa, batun yashe kwata kafin damina, da lissafin kuɗin 'yan sintiri. Da yake ina ɗan taɓa manhajar zane ta CorelDraw, sai aka ɗora mini aikin zana tambari.

Abin da kowa ya fara kawowa dagin Arewa ne. Ina son dagin, tun zamanin Sardauna yake alamar Arewa, kuma da wuya ka samu zanen da ya fi shi tsari. Amma yana jikin hula, yana jikin gini, yana saman takardun ƙungiyoyi ba iyaka. Mutumin Sakkwato da na Yola duk nasu ne. Ni kuwa so nake in tsohuwa ta hango takardar a hannun jikanta ta ce, ai wannan tamu ce.

Sai na zaɓi zankwayen da ke kan soron gidan mai unguwa. Ginin ƙasa ne, kuma duk mai yi wa baƙo kwatance da shi yake farawa. Na ɗauki hotonsa da hantsi, na zana layin saman kawai: zanko biyu, ɗaya ya ɗan karkata saboda ruwan sama ya ci gefensa, ƙofar zaure a tsakiya. Wani matashi ya ce in miƙar da karkataccen. Na ƙi. A haka muka san shi.

Launi ɗaya na sa, shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata. Wata Hajiya a kwamitin ta so a ƙara kore da ruwan zinare, da alƙalami, da hannuwa biyu suna gaisawa. Ban yi musu da ita ba, na buga duka biyun baƙi da fari a shagon hoto-kwafi na kawo mata. Mai tarkacen ya koma dunƙulen tawada, soron kuwa ya fito fes. Yawancin kwafinmu a haka za su fita, don bugun launi ya fi ƙarfin asusunmu. Sauran kuma a WhatsApp za a gan su, inda hoton zauren hira yake ɗan da'ira da bai kai farcen babban yatsa ba. Duk tambarin da bai tsira daga waɗannan biyun ba, ba shi da amfani a wurinmu.

Inda na fi shan wuya shi ne rubutun. Sunan unguwar yana da ƙ, kuma yawancin haruffan ƙawa ba su da masu lanƙwasa. Kana bugawa sai akwati ya fito, ko harafin ya zo da wata siffa daban da 'yan'uwansa. Aka ce in sa k kawai a wuce wurin. Wannan kam ban yarda ba. Tun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, bai kamata yau mu kasa rubuta sunan unguwarmu daidai ba. Na koma kan samfurin haruffa na Noto Sans mai kauri, wanda yake da ƙ da ɗ da ɓ.

Da na kai wa mai unguwa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ko in an yi wa soron yaɓe za a sake zanen. Na ce, ranka ya daɗe, sai dai magina su bi zanen.