Hoton macijin da ke harkar gabansa

Yawancin hotunan macizai da ke yawo a wayoyinmu hotunan tsoro ne: kumurci ya fasa kai, kasa ta kumbura tana huci, mesa ta wage baki. Mai kallo yana yaba ƙarfin halin wanda ya ɗauka, ni kuwa abin da nake gani dabba ce da aka tsare wa hanya har ta rasa mafita. Maciji ba ya fasa kai don ado, sai in an takura shi. Tun da na fara bin macizai da kyamara a fadamun Legas, abin da nake nema daban ne. Ina son macijin da ke harkar gabansa, yana shan hantsi ko yana fakon kwaɗo, bai ma damu da cewa akwai mutum a wurin ba.

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce, a Agege nake zaune. Ƙarshen mako na amare ne, don haka Litinin da Talata nake shiga daji. 'Yan'uwa a Arewa sukan yi mamaki in na ce daji a Ikko, don su gada da gosulo kawai suka sani. Alhali garin a kan ruwa yake zaune, kuma duk inda ba a kai ga cike shi da yashi ba, fadama ce mai duhun itatuwa da kwakwar manja. A Lekki Conservation Centre na fara, gandun da ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78. Masu ziyara suna zuwa ne don birai da doguwar gadar sama mai tsawon mita 401. Ni kuwa hanyar katakon da ta ratsa fadamar ce ta fi yi mini amfani, domin tana ba mutum damar leƙa ruwa da saiwoyi ba tare da ya jefa ƙafarsa inda ba ya gani ba. Sai dai a riga jama'a shiga. Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa ta haɓarsa, kuma da zarar ɗaliban makaranta sun hau katakon nan da gudu, to a haƙura sai wata rana.

Abu mafi wuya shi ne sauya wa ido tarbiyya. Wanda ya tashi a Arewa ƙasa yake kallo, saboda kububuwa da kasa a ƙasa suke kwanciya, cikin yayi da gindin dutse da kunyar gona. A nan kudu rabin labarin a sama yake, sauran kuma a ruwa. Za ka wuce ƙarƙashin reshe sau da yawa kana ganin ganye kawai, sai wata rana ka lura wani kore ya fi sauran sheƙi, kuma lanƙwasarsa ba irin ta tsiro ba ce. Ba macijin gaba ɗaya ake nema ba, ba a ma cika ganinsa gaba ɗaya ba. Ɗan yanki ake nema: tsarin ɓawo tsakanin ganye biyu, ko kan da ya ɗan fito daga ruwa kusa da saiwa.

Wanda ya fi koya mini wannan wani dattijo ne Basakkwace da ke gadin wata gonar kifi a wajen Epe. Ranar da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ɗana, igiyar ƙasa kake bi da ƙafarka? To in ka nace, ka daina neman ta da ido kaɗai, ka saurari tsuntsaye." Gaskiyarsa. In ƙananan tsuntsaye suka taru a bishiya ɗaya suna tsuwa ba ƙaƙƙautawa suna kai bara wuri guda, akwai abin da suka gani. Shi ya nuna mini inda ake samun saɓa a jikin tarin katako, ya kuma ce in riƙa zuwa washegarin ruwan sama, lokacin da kwaɗi suka cika ko'ina. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba bayan ɗan tsagaitawar ruwa ta Agusta, nan ne na fi dacewa. Na ce, "Baba, kai ba ka tsoronsu?" Ya ce tsoro kam yana ji, amma tunda ya ga ɓeraye sun ragu a ɗakin ajiyar abincin kifi, ya daina ɗaukar sanda.

A gonar nan na sami hoton da na fi so. Wani siririn koren maciji ne a kan ganyen kwakwa, irin marasa dafin nan masu cin kwaɗin bishiya da ƙadangaru. Na tsuguna nesa da shi na kafa gwiwar hannu a kan jakata, na bar shi. Da farko ya daskare, ya san da ni. Can sai harshensa ya dawo aiki. Da harshe maciji yake sansano duniya, yana ɗebo ƙamshi daga iska ya kai wata gaɓa a saman bakinsa, don haka in harshen ya koma fita a natse, jikin ya saki, alama ce hankalinsa ya bar kanka. Ya zame a hankali zuwa ƙarshen ganyen, ya miƙa kashi ɗaya cikin uku na jikinsa a iska ba tare da ya jingina da komai ba, yana auna reshe na gaba. Wannan miƙewar na ɗauka. Babu buɗaɗɗen baki a hoton, babu barazana, amma duk wanda na nuna wa sai ya yi shiru ya ƙara matso da wayar kusa da idonsa.

Batun kayan aiki ba shi da yawa. Ina amfani da gilashin kyamara mai jawo nesa, na milimita 100 zuwa 400, domin tazara ita ce kariyata, ita ce kuma kwanciyar hankalin dabbar. A kan ido ake saita hoto. Maciji ba shi da fatar ido, ba ya ƙiftawa, don haka in idon ya fito tangaran, komai ya yi. In ana son kama harshe, sai saurin ɗauka ya kai 1/1000 na daƙiƙa, kuma a duhun kurmi wannan na nufin ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200. A sauko daidai tsayinsa in wurin ya ba da dama, don hoton da aka ɗauka daga tsaye bai cika rai ba. Babban abokin gabar kyamara a Legas laima ce. In ka fito da ita daga mota mai sanyi, gilashin zai yi hazo nan take, in kuma ka ajiye ta a jiƙe, fumfuna za ta ci ta daga ciki.

Akwai abin da ba na yi ko nawa za a biya ni. Samari a ƙauyukan hanyar Epe da Badagry sun sha ce mini, "Oga, mu kamo maka a buhu, ka ɗauka yadda kake so." Ba na karɓa. Da na biya sau ɗaya, na buɗe kasuwa ke nan, gobe za su tona rami su fasa gidan mesa saboda ni, kuma daga buhun nan sai kasuwar naman daji. Wasu masu hoto har sanyaya maciji suke yi a cikin ƙanƙara don ya kasa motsi, su ɗora shi a reshen da suka zaɓa. Wannan zalunci ne, kuma ƙarya ce ake sayar wa mai kallo. Haka macizan gardawa masu wasa a kasuwa, waɗanda galibi an cire musu haƙora.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka abin wasa ne. A kurmin kudu akwai baƙin kumurci mai iya ninƙaya da hawan bishiya, akwai koren mamba da kan kai mita 2, akwai gamsheƙa mai tofa dafi a ido daga tazarar mita 2 ko fiye. Shi ya sa ba na cire tabarau, kuma kullum da gorar ruwa a jikina, don in dafi ya shiga ido, wankewa da ruwa mai yawa shi ne taimakon farko. Kore ma ba duka ne marasa dafi ba, saboda haka duk wanda ban tantance ba, mai dafi ne a wurina. Ina sa dogon takalmin roba, ba na zura hannu inda idona bai riga shi ba, ba na shiga ni kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, kuma ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara. Mu da muka san labarin asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ba sai an yi mana dogon bayani ba. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, ba a tsayawa neman baƙin dutsen nan da ake cewa yana zuƙe dafi. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Kafin in bar gida nakan yi waya in tabbatar da inda ke da allurar kashe dafi, domin wanda ya san cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe ya san ba ranar sara ake fara tambaya ba.

Kullum ana ƙara cike fadamun nan ana gina gidaje, macizan kuma suna faɗawa cikin filayen gini, inda 'yan'uwanmu masu gadi da leburori ne ke fara cin karo da su. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ban ga laifin mai tsoro ba. Amma yanzu wasunsu kafin su ɗauki shebur sukan ja da baya su ɗauki hoto da waya su turo mini ta WhatsApp, su ce, "Malam, wannan fa?" Sau da yawa macijin gida ne mai cin ɓera, ko ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa in ta tsorata, sai in ce su buɗe masa hanya ya wuce. In mai dafi ne, in ce kowa ya matsa, a kira masu kwashewa.

Damina mai zuwa ina shirin shiga gandun dajin Omo a Jihar Ogun tare da wani mafarauci da ya ajiye bindiga, mu nemi kasar kurmi mai ƙaho a hanci, wadda zanen jikinta ke sajewa da busassun ganye.