Darussa daga littafin ma'ajin ƙaramar ƙungiyar 'yan kasuwa

Babban abin da aikin lissafin ƙaramar ƙungiyar 'yan kasuwa ke koya wa mutum shi ne kada kuɗin baje koli ya ruɗe shi. Manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masana'antu irin su KACCIMA a Kano da KADCCIMA a Kaduna suna da filayen baje koli da sunansu ya daɗe da kafuwa. Ƙungiyar ƙaramin gari ba ta da wannan gatan, amma sai ka ga ta ɗora albashin shekara guda a kan baje kolin mako biyu.

Ga inda ake faɗawa rami: kuɗin rumfa yana shigowa tun kafin a buɗe fili, asusu ya cika, shugabanni su fara kashewa. Alhali kuɗin nan amana ne har sai an tashi. Dizal ɗin janareta, masu gadi, ruwa, shara, tallan rediyo da masu kafa rumfuna duk suna jira, kuma farashin dizal kan tashi tsakanin ranar da aka yanka kuɗin rumfa da ranar buɗewa. Don haka a buɗe wa baje koli asusunsa daban, kada a taɓa ko kwabo sai an biya kowa an ga rarar.

Ma'aunin lafiya na gaskiya shi ne kuɗin da mambobi ke biya duk shekara. Idan, misali, rajista ta nuna mutum 300 amma 80 ne suka biya, to kasafi a kan 80 za a yi shi. Kuɗin nan ya kamata ya ɗauki albashin sakatare, hayar ofis da wuta. In bai ɗauka ba, ƙungiyar tana cin bashi ne ba ta sani ba. Tallafin gwamnati kuwa, kada a rubuta shi sai ya shiga banki.

Kuɗi a hannu shi ke ɓata zumunci. Kowane biya ya bi ta banki da rasit mai lamba, fitar kuɗi da sa hannun mutum biyu, kuma wanda ke karɓa ba shi zai daidaita littafi da takardar banki a ƙarshen wata ba. A tara ajiyar da za ta riƙe ofis wata uku zuwa shida.

Rahoton shekara da ake kai wa hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, ana yawan mantawa da shi, tara kuma tana taruwa. A sa shi cikin kasafi tare da kuɗin odita, a raba wa mambobi rahoton oditan kafin babban taro.