Ƙofar bayan da aka manta

Alhamis, 1 ga Fabrairu, 2024

Yau kasuwar Maigatari ke ci, gari duk ya watse, ni kuwa ina ofishin ƙungiyarmu ta manoman riɗi, hazo ya hana sola kawo wutar kirki.

Tun da asuba na ga sanarwar da ta fito jiya: masu bincike na kamfanin Snyk sun gano ɓaraka a runc, manhajar da Docker ke dogara da ita wajen tayar da kwantena. Docker tsari ne da ke killace kowace manhaja a nata keɓaɓɓen wuri cikin kwamfuta, wurin nan shi ake kira kwantena. Lambarta CVE-2024-21626. Gabana ya faɗi, don a tsohuwar kwamfutar nan mai amfani da Docker muke ajiye sunayen manoma da lambobin wayarsu da bashin taki.

Baba Sakatare ya ga na yi jugum, ya ce, "Kai yaro, lafiya?"

Na ce, "Baba, kamar ka ba ɗan haya shago ne a jikin gidanka, ka toshe ko'ina, sai magini ya manta ƙofar baya a buɗe." Haka abin yake: runc yana aiki da cikakken ikon maigida, kuma yakan bar wata kafa da ya buɗe zuwa fayilolin uwar na'ura, wato kwamfutar da kwantenar ke ciki. Wanda ya shirya kwantena da mugun nufi sai ya ce ta wannan kafar zai fara aiki, ya leƙa har ƙuryar ɗaka.

"To a rufe mana," in ji shi, ya koma kan goronsa.

Gyaran yana cikin runc 1.1.12. Sauke shi ne aiki! Na rataye waya a reshen darbejiya don ta kamo sabis, sau uku yana yankewa, sai bayan azahar ya gama.

Abin da ya fi ci mini rai ba laifin runc ba ne. Ina dubawa na tarar da wata kwantena da na ɗauko bara daga hannun wanda ban sani ba, na kuma tayar da ita da --privileged, umarnin da ke cire mata shinge, don kawai ta daina yi mini gardama. Wannan ai da hannuna na miƙa mukullin gida, babu gyaran manhajar da zai hana ta leƙe. Na kashe ta, na canza kalmomin sirri duka, tunda abin da ido ya riga ya gani ba a ƙwato shi.

Baba ban gaya masa wannan ba tukuna. Batir ya mutu ana kiran magariba, 'yan kasuwa sun fara dawowa da awaki a bayan babura.